Irin Tattasan Malam Sadiƙ

Uwaisu ya ɗora dutse na ƙarshe a bakin ledar, ya take shi da dunduniya, sannan ya bi gefe huɗun yana tura ƙasa yana dannewa don kada iska ta samu hanya. Yatsunsa sun ƙage. Ya hura musu numfashi, ya cusa su a hammata, ya tsaya yana kallon fangalin. Leda ce fara mai shara-shara, ta cikinta ana hango busasshiyar ciyawar da ya rufe irin da ita mako biyu da suka wuce.

Watan Afrilu ne. A ƙa'ida yanzu mutane a tsakar gida suke kwana, ana fifita ana ƙorafin zafi. Amma yau kwana goma sha biyu rana ba ta leƙo ba. Ba iska, ba ruwa. Wani gajimare ne mai launin toka ya sauko ya zauna a kan gari kamar murfin tukunya, sanyin kuma daga ƙasa yake tasowa, ya shiga mutum ta tafin ƙafa. Mangwaro ya tsaya ɗanye a bishiya. Ƙadangaru sun ɓace daga jikin bango. A fadamar nan da tsuntsaye ba sa barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, Uwaisu yana jin ƙarar haɗiyar yawunsa.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawar irin tattasan babansa ne, Malam Sadiƙ, wanda ya rasu a Disamba. Shekara fiye da talatin Malam yana zaɓen 'ya'yan da suka fi kauri da ja, ya shanya, ya gauraya irin da toka ya zuba a gora. Duk bazara yakan yafa rabi, ya bar rabi a gorar. Uwaisu ya sani. Amma ranar da ya zo yafawa ana ta kiransa a waya zai kai wani fasinja Kudan, ya yi ta watsawa cikin gaggawa, kafin ya ankara gorar ta koma fayau. Kwana biyu bayan haka sanyin ya sauka.

Da an bar shi da zuciyarsa, da tuni ya ɗaga ciyawar ya duba. Sai dai Malam yana da ƙa'ida: ba a leƙen iri. Sai tsiro ya turo ciyawa da kansa ake yaye masa. Uwaisu ya karya ƙa'idodin babansa da yawa tun yana raye, ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya yi gareji wata huɗu ya gudu, ya je Kaduna ya dawo, amma wannan ɗayar ya kasa taɓa ta. Ya dai ƙara wa fangalin ciyawa mai kauri da sanyin ya yi tsanani, yau kuma ga leda.

A gida ya tarar da mahaifiyarsa Inna Mero zaune a ƙofar ɗakinta, kaskon wuta a gabanta. Saura kwana uku ta fita takaba. Wata huɗu da mako guda ko zaure ba ta taka ba.

"Auta, ya fito?"

"Bai fito ba, Inna. Na sa masa leda."

"Leda kuma?"

"Shamsuddeen mai cajin waya ne ya ba ni. Ya ce a Kudan haka masu tumatir suke yi, tana tara ɗumi."

Ta tona garwashin da tsinke. "Malam bai taɓa sa wa iri leda ba."

"Baba bai taɓa ganin sanyi a Afrilu ba."

Ta tura masa kofin kunu da bayan hannu. Ya shanye a tsaye, ya zura rigar sanyi ta biyu a kan ta farko, ya tura babur waje. Ranar kasuwar Makarfi ce, ranar da ɗan acaba ba ya zama.

Fasinjansa na farko Kawu Tukur ne, ƙanin Inna, da buhun albasa. Ya naɗe kansa da rawani har hanci, sai idanu.

"Kai ɗan nan, ka bi da ni a hankali. Sanyin nan in ka haɗa shi da gudu, gawata za ka sauke a Makarfi."

"Kawu, kai da albasa duk ba a hanzarta ku."

"Ja'iri."

Suka bar ƙauyen, suka bi ta bayan Nasarawan Doya. Gonaki duk an share, an tara taki tsibi-tsibi, ana jiran damina, amma ba kowa a ciki. Wasu shanu suna tsaye a ƙarƙashin ɗorawa, sun haɗa kai wuri guda, ko jela ba sa kaɗawa.

"Jiya na hau duba amyata," in ji Kawu Tukur a bayan kunnensa. "Ƙudan zuman duk sun zubo ƙasa. Ba su mutu ba fa. Suna nan kwance suna motsa ƙafa. Na kwashe su da hannu, ko ɗaya bai harbe ni ba."

"Sanyi ne, Kawu."

"Na san sanyi ne. Na girmi uwarka da sanin sanyi, ko da ita ta girme ni da shekaru. Abin da nake tambaya, in bazara ba ta yi zafi ba, da me za a dafa hadari? Liman ya ce a yi ta istigfari. Tun da aka binne Malam garin nan bai koma daidai ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Irin ya fito?"

"Yana hanya."

"Ka ajiye mini dashe na fangali uku. Ni ban taɓa ajiye irin tattasai ba. Ina dalili, ga Malam?"

Uwaisu ya mayar da ido kan hanya. Ya kauce wa wani rami, ya ƙara wuta kaɗan.

Kasuwar ta cika, amma ba ta da murya. Masu kankana sun jera kaya sun naɗe hannu, ba mai kallonsu. Mai shayi ne kawai ake layi a wurinsa. Mutane suna ciniki ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki, kowa in ya gama magana sai ya ɗaga kai ya dubi sama.

Ya yi sawu huɗu, sannan ya tsaya a rumfar Shamsuddeen mai cajin waya don ya ɗumama hannu a jikin janareta. Nan Adama ta same shi, tsohuwar Bafulatana mai tallan nono daga wajen Saulawa, ƙwaryarta ko rabi ba ta yi ba.

"Angona! Ka guje ni ko? Ko ka samu wata yarinya a Makarfi?"

"Wa zai guje ki, Iya? Sanyi ne ya hana ni zuwa zance."

"Ƙarya kake, mai bakin ganga." Ta sauke ƙwaryar, ta yi masa gaisuwar Malam karo na uku tun rasuwar, ta tambayi Inna da takaba. Sannan ta rage murya. "To ya maganar dashe? Na sa an zuba taki a bayan ruga tun wancan watan. Bara tattasan babanka ne ya ciyar da mu har kaka. Na kanti da 'ya'yana suka sayo, ganye ya yi ta yi, ruwa na sauka ya ruɓe."

"Ba ki ajiye iri ba, Iya?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ta ajiye ruwan rafi. "In ajiye na me? Kowa ya san inda iri yake."

Bayan ta tafi wani dattijo daga Ikara ya tsayar da shi da magana iri ɗaya, sai wani mai facin taya. Duk shekara Malam yakan cire dashe ya ɗaure a ganyen ayaba ya miƙa wa duk wanda ya zo, bai taɓa cewa babu ba. Uwaisu ya sha ganin haka, amma bai taɓa lissafa abin da yake nufi ba sai yau: duk faɗin nan, daga Kudan har Saulawa, ba wanda yake da ƙwaya ɗaya ta irin nan a ɗakinsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi wani abu ya canja. Da farko inuwa ce ta bayyana a ƙarƙashin rumfuna, siririya, mutane suna kallonta kamar baƙuwa. Sai gajimaren ya tsage daga gabas, ya naɗe kamar tabarma, cikin minti kaɗan babu shi. Rana ta faɗo wa kasuwar gaba ɗaya, ranar Afrilu sosai, mai cizo.

Kasuwa ta ɓarke. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Masu kankana suka miƙe suna kiran ciniki. Ana ta tuɓe rigunan sanyi ana rataya a kafaɗa, ana "Alhamdu lillahi" ta ko'ina. Uwaisu ma ya tuɓe nasa biyun, ya yi sawu ɗaya zuwa tasha ya dawo yana zufa yana dariya.

"Mutumina, yau irina zai ji daɗi," ya ce wa Shamsuddeen. "Ga rana, ga leda."

Shamsuddeen yana cire wata waya daga caji. Hannunsa ya tsaya. "Ka dai ɗage mata gefe ko?"

"Wane gefe?"

"Ledar mana. Ai da hantsi ake ɗagewa iska ta shiga."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Kai, wannan ai ko mahaukaci ya sani! Ka bar ta a sake dai?"

"Na danne ta da duwatsu. Na bi da ƙasa."

Shamsuddeen ya leƙa waje ya dubi ranar, ya dubi agogon wayar da ke hannunsa. Sha biyu da kwata. "Uwaisu, wallahi ƙwai za ka iya dafawa a ƙarƙashinta yanzu."

Ya kira maƙwabcinsu na lambu, wayar a kashe. Ya kira wani, ya ɗauka, hayaniyar kasuwar nan ce a bayansa. Mazan ƙauyen duk suna Makarfi, matan kuma tun safe ya ga sun yi ayari zuwa suna a Nasarawan Doya. Ya tsaya da wayar a hannu. Sannan ya kira lambar da ba ya so ya kira.

"Inna, ledar nan. In ba a cire ta yanzu ba, irin zai dahu. Akwai wani a kusa?"

"Ba kowa, Auta. Unguwar ni kaɗai ce."

"Inna..."

Ya ji numfashinta. Daga gidan zuwa lambun tafiyar minti goma ce.

"Saura kwana uku," ta ce a hankali. "Wata huɗu na zauna masa. Me za a ce da ni a garin nan?"

"Na sani, Inna. Ban ce ki fita ba."

"To me ka ce?"

Ya zura makulli a babur. Ta kashe wayar.

Ya bar Kawu Tukur da albasarsa, ya hau titi. Kwalta tana walƙiya. A mararraba wata motar rake ta kafe ta tare hanya, ya sauka gefen titi ya bi ta cikin gonar wani, ƙura da kara suna dukan ƙafarsa. Duk ƙauyen da ya ratsa an fito da shanya, barguna a kan danga, tsofaffi sun miƙe ƙafa a rana suna ɗaga masa hannu. Zufa tana shiga masa ido. A ransa yana ta faɗin abu ɗaya: wataƙila bai tsiro ba, wataƙila yana can cikin ƙasa, ƙasa kuma ba ta saurin ɗaukar zafi.

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ya jefar da babur a bakin fadama ya ƙarasa da gudu.

Ba kowa a lambun. Ledar ta kumbura, cikinta ya yi fari da gumi, ɗigo yana gangarowa. Amma ta gefen rijiya an tsaga ta. Yanka ne miƙaƙƙe, na wuƙa, tsawon kamu biyu, an ja leɓen an naɗe shi baya iya ƙarfin wanda ya ja. An gwada ture dutse ɗaya, ya motsa kaɗan ya tsaya. Ciyawar wurin a jiƙe take, guga kuma yana kwance a gefe, igiyarsa da danshi.

Ya yi fatali da duwatsun, ya fizge ledar. Wani tururi ya daki fuskarsa, mai warin dafaffen ganye. Ya durƙusa. Karo na farko cikin mako biyu ya sa hannu ya ɗaga ciyawar.

Ya fito. Duk ya fito, fangalin cike, dubbai, kowanne da ganyensa biyu. Daga tsawonsu ya san sun yi kwana uku ko huɗu da tsirowa, cikin sanyin, a ƙarƙashin ciyawar da ya yi mata kauri har suka kasa turo ta. Yanzu suna kwance a ƙasa, sun yi laushi, sun yi duhu kamar alayyafon da aka tsame daga tukunya. Ya taɓa ɗaya, ya manne masa a yatsa.

Ya bi fangalin da rarrafe yana ɗaga ciyawa, kamu bayan kamu, duk abu ɗaya. Sai da ya kai inda aka tsaga ledar. A nan, wuri bai fi faɗin faranti biyu ba, suna tsaye. Sun sunkuyar da kai, amma kore ne.

Ya jawo ruwa ya yayyafa musu da tafin hannu. Ya karyo rassan dalbejiya ya kafa, ya ɗora ciyawa sama-sama ta yi musu rumfa. Waɗannan ba za su kai fangali ukun Kawu Tukur ba, balle bayan rugar Adama. In Allah ya raya su, bana ba mai cin ɗa ko ɗaya. Duk wanda ya nuna, gora zai koma. Zai bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu da bakinsa, kuma zai faɗi ko hannun wa ya jawo.

Yana nan durƙushe ya ji bayansa ya yi sanyi. Ya ɗaga kai. Gajimaren yana dawowa daga gabas, a hankali, ba iska ko kaɗan, yana haɗiye inuwar bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira la'asar ya rufe sama ruf. Tsuntsayen da suka fara kuka suka yi tsit. Ranar ba ta yi awa huɗu ba.

Da ya shiga gida ya tarar da Inna Mero a inda ya bar ta da safe, a ƙofar ɗaki, ta rufe ƙafafunta da zane. Gefenta Rahama ce, matar maƙwabcinsu, ta dawo daga suna ko gida ba ta shiga ba, ƙullin ƙosai a hannunta, tana magana ido waje.

"Yauwa, ga Uwaisu. Kai, daga lambu kake? Ka ji abin da ake faɗa?"

"Me ake faɗa?"

"Wani mai kiwo ne ya tare mu a hanya. Wai da tsakar rana, lokacin da ranar nan ta buɗe, ya hango mutum a lambun marigayi. Fari fat tun daga kai har ƙasa, lulluɓe da gwado, irin yadda Malam yake yafa nasa in zai je ban ruwa. Ya sunkuya a kan fangali, ya je rijiya ya dawo. Ya yi masa sallama daga nesa, ko waiwayowa bai yi ba. Kafin ya kora shanunsa ya sake dubawa, babu kowa." Ta dafa ƙirji. "Ni dai tun da sanyin nan ya sauka na ce ba lafiya ba. Yaya Mero, Allah ya sa kina ɗaka, da ke kika gani ai sai zuciyarki ta buga. Kin ga amfanin mace ta tsare takabarta. Yanzu muke yabonki a gidan suna, wallahi, wata huɗu ko inuwarki ba a gani a waje ba."

Inna Mero ba ta ɗago ba. Tana jan carbi. 'Yar wuƙar da mai takaba take ajiyewa kusa da ita tana kan tabarma, da ɗanyar ƙasa a ƙotarta. Ta ƙofar ɗakin Uwaisu ya hango gwadon babansa a kan gado, an ninke shi da gaggawa, ƙarangiya ta kama bakinsa.

Ya matsa ya tsaya a ƙofar, ya tare cikin ɗakin da bayansa.

"Ya fito, Inna," ya ce. "Yawanci ya ƙone. Amma akwai na iri."

Carbin ya tsaya. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ci gaba da ja.

"Ana maganar mutum kana maganar tattasai," in ji Rahama. "Kai da ka je, ka ga wani abu?"

Uwaisu ya sunkuya ya ɗauki wuƙar, ya goge ƙotar a jikin wandonsa, ya mayar da ita kan tabarma.

"Ni dai da na isa," ya ce, "ban tarar da kowa ba."

Rahama ta ce, "Inna lillahi," ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ta miƙe da sauri don ta kai labarin gidan gaba.